Baban Auta Yana Son Ganin Fim Ɗina

Ranar Talata ce abin ya fara. Tun safe ake yayyafi irin mai nacin nan, bai zuba ba bai ɗauke ba, ni kuma haƙori ya hana ni sakat. Kuncina na dama ya kumbura kamar na ɓoye lemo a baki. Na roƙi maigidana ya bar ni in je a duba ni, na fito daga shagon buga takardu da nake aiki, na tsaya a bakin titi ƙarƙashin wata baƙar lema mai karyayyen ƙarfe ina jiran mota, na haɗe rai kamar an aiko mini da saƙon mutuwa. Ban san Dogo yana tsallaken titi yana ɗaukata hoto ba.

Dogo abokina ne tun muna 'yan aji ɗaya. Shi ya daure ya gama sakandare, ni na tsere daga aji huɗu, amma duk layi ɗaya muka ƙare, shi yana gyaran waya, ni ina haɗa fosta da katin gayyata a kwamfuta. Kafin likita ya gama cire mini haƙorin, Dogo ya mai da hoton baƙi da fari ya saka a shafinsa na intanet, ya rubuta a ƙasa:

"Wa ya tuna wannan wurin a fim ɗin Baƙar Lema? Inda Sanyi ya tsaya yana jiran wanda ya ci amanar ubangidansu."

Jama'a, babu wani fim mai suna Baƙar Lema. Ba a taɓa yin sa ba. Ku riƙe wannan da kyau tun yanzu, domin ni kaina akwai ranakun da na manta.

Wani da ba mu sani ba ya amsa: "Kai! Wurin nan sai da na tsayar da fim ɗin na sha ruwa." Wata ta ce ita mutuwar direban ce har yau ba ta yafe ba. Wani ya ce ƙarya ne, direban bai mutu ba, a duba ƙarshe da kyau, shi ne a bayan mai sayar da kifi. Kafin sati ya zagayo an buɗe wa fim ɗin zauren hira na kansa a intanet, Dogo ne shugaba. Kafin shekara mun haura mutum dubu goma sha ɗaya, kowa ya san babu fim ɗin, kowa kuma yana bugun ƙirji ya kalle shi sau uku. Har tarihi aka yi masa: wai sau ɗaya aka taɓa haska shi, 'yan dabar gaske da aka yi labarin a kansu suka saye duk kwafin suka ƙone, suka ja wa 'yan wasan kunne, shi ya sa duk wanda ya fito a ciki in ka tambaye shi sai ya ce bai san zancen ba. Doka ɗaya ce a zauren, Dogo ya manna ta a sama: duk wanda ya ce babu fim ɗin, an saye shi ke nan, waje.

Ni ne Sanyi, mai kashe mutane ba tare da ya ɗaga murya ba, ni da ko kyankyaso sai na kira ƙanwata. Ni na haɗa fostar da hannuna wata rana da aiki ya yi sanyi a shago: fuskata, lemar, gada a baya, jajayen haruffa. A can ƙasa, inda muka saba sa sunan shago a kowane aiki, na sa adireshin zauren. Hannu ne ya saba. Mai buga takarda ba ya barin gindin fosta babu komai.

A zauren na haɗu da Auta. Ita ta ƙirƙiro budurwar Sanyi, wata mai sayar da tikitin jirgin ruwa da ta san sana'arsa sarai amma kullum take ajiye masa kujera kusa da taga. In ta yi rubutu sai zaure ya yi tsit. Na bi ta ta gefe da saƙo na ce, "Malama, tunda ni ne Sanyi, ya kamata in san abin da zan yi gobe." Ta ce, "Gobe kuka za ka yi, amma ruwan sama zai rufa maka asiri." Bayan wata biyu na je shagon tabarau da take aiki, na ce idona ne yake yi mini hazo-hazo. Ta sa na karanta haruffan bango har layin ƙasa, ta ce, "Malam Sanyi, idonka ya fi nawa lafiya. Me ka zo gani?"

Da na gaya wa Ummata, ko ɗagowa ba ta yi daga wankin da take yi ba.

"Makaranta ka bari. Garejin kawunka ka bari. Ɗinki ka bari da allura a jikin riga. 'Yar mutane ba sana'a ba ce da za ka gaji ka ajiye. In ba za ka kai ƙarshe ba, kar ka taka ƙofar gidansu."

"Umma, wannan karon daban ne."

"Haka ka ce a kan ɗinki."

A can gidansu kuma akwai Injiniya, ɗan ƙawar Mamarta. Ba dole ake yi mata ba, amma sunansa yana fitowa a gidan sau biyar a rana kamar talla a rediyo. Shi ya sa Auta ta ce in zo in gaida iyayenta, a san da ni.

Ranar Lahadi na je. Farar riga mai dogon hannu da na goge sau biyu, baƙin wando, takalmin da na wanke da tsohon buroshin haƙori. Falonsu ba babba ba ne: kujeru masu ruwan ƙasa an lulluɓe hannuwansu da saƙaƙƙen ƙyalle, fanka tana kuka a sama, wani kabad na gilashi cike da gwangwanayen ƙarfe masu faɗi kamar tire, a bango kuma hoton wani saurayi mai tarin suma ya dafa wata ƙatuwar na'ura. Mama ta ajiye mini shayi da biskit, ta zauna nesa, ta dube ni tun daga kai har takalmin.

"Wace makaranta ka gama?"

"Ban gama ba, Mama."

"Jami'ar ce ba ka gama ba?"

"Sakandare."

Ta ce, "Uhm." Irin uhm ɗin da gara a mare ka. Auta ta kafa wa dardumar ido. Na fara lissafin taku nawa ne tsakanina da ƙofa.

Sai ga Baba ya shigo, gajeren dattijo mai furfura da tabarau mai kauri. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa, sai ya tsaya yana kallona.

"Tsaya, samari. Juya gefe. Haɗe rai mu gani."

Na haɗe.

"Shi ne! Wallahi mai lemar nan ne! Auta, ashe ɗan wasan da kansa kika kawo mana ba ki faɗa ba?"

Daga baya na ji yadda aka yi. Watannin baya Baba ya ga fostar a fuskar wayarta, ya tambaye ta wane ne wannan, kunya ta kama ta, ta ce, "Fim ne, Baba." Shi kuwa Baba shekara ashirin da bakwai ya yi a ɗakin majigi na wata silima, shi ke haska wa mutane fim, har aka sayar da ginin aka mai da shi wurin ajiye katifu. Saurayin da ke hoton bango shi ne.

Ya zauna kusa da ni, ya dafa gwiwata. "Kai ne ka fito a Baƙar Lema?"

Masu karatu, ga wurin nan. Na sha ɗora wa dokar zaure laifi, na ce baki ne ya saba. Ba haka ba ne. Uhm ɗin Mama ne yake ƙona ni, ga kuma mutum na farko a gidan da ya dube ni kamar na taɓa yin wani abu a duniya. Na ce, "Ni ne, Baba."

Awa biyu yana yi mini hira. Yadda ake canja faifan fim ba tare da 'yan kallo sun gane ba, ɗigon da ke fitowa a kusurwa ya gaya maka lokaci ya yi, ranar da fim ya tsinke ana tsakiyar faɗa mutane suka dinga jifan tagarsa da takalma. Mama ta tashi ta ba mu wuri. Da zan tafi shi da kansa ya raka ni har bakin ƙofa.

"Asabar ta sama ka kawo mini shi mu kalla. Na ji an ce an ƙone, amma ɗan wasa ba ya rasa kwafinsa. Ni na san ku."

Ina cikin mota saƙon Auta ya shigo.

"Me ka yi haka?!"

"Ke kika fara."

"Ni cewa na yi fim ne. Kai ka ce kai ne."

"To in sauka in koma in faɗa masa?"

Na ga tana rubutu tana gogewa, tana rubutu tana gogewa. Can ta turo: "Yanzu ya ce wa Mama kar a sake kawo masa zancen Injiniya. Bari tukuna."

Bari tukuna. Kwana goma sha uku ne a hannuna, na ce a raina zan sami ranar da ta dace.

Ranar Laraba ina tsakiyar yanka katin wani biki wayata ta fara rawa a aljihu ba tsayawa. Na buɗe zaure. Wani sabon shiga ne ya rubuta:

"Assalamu alaikum 'ya'yana, da fatan kuna lafiya da iyalanku. Ni tsohon ma'aikacin silima ne. Na ga adireshinku a gindin fosta. Ina neman wanda zai faɗa mini minti nawa ne tsawon fim ɗin nan, kuma a wane ɗaki aka haska shi. Na gode."

Na yanke katin mutane a karkace.

Zaure ya ɗauki wuta. Kowa ya ɗauka wani gwani ne ya shigo da sabon salo. Nan take aka raɗa masa Baba Majigi. Wani ya ce, "Baba, daina ɓoye-ɓoye, ai kai ka haska shi a ranar." Ya amsa da gaskiyarsa: "A'a ɗana, an rufe silimarmu kafin nan." Aka kwashe da dariya: "Haka duk suke cewa! An ja wa Baba kunne!" Kullum da safe sai ya yi sallama ya yi tambaya, su kuma su zuba masa. Suka ce masa sai da aka ɗauki wurin gada sau arba'in. Suka ce masa na karya yatsa a wurin faɗan kasuwar kifi, ya kira ni yana tambaya ko yatsan yana damuna in an yi sanyi. Ana ɗaukar hoton saƙonninsa ana yaɗawa a wasu shafukan, ana rubuta, "Babu wanda ya kai tsohon nan iya wasan." Na daina iya cin abinci.

Na je shagon Dogo. Yana sunkuye a kan wata waya da ya farke, da ƙaramin sukundireba a baki.

"Dogo, Baba Majigin nan baban Auta ne."

"Ka ce wallahi! Ashe abin a jini yake."

"Ba wasa yake yi ba. Bai sani ba. Ya yarda akwai fim ɗin."

Ya cire sukundireban daga baki, ya yi dariya har da buga tebur. Da ya ga ban yi ba sai ya tsagaita.

"To kar ka faɗa wa kowa. Za ka ɓata abin."

"Kai ne shugaba. Ka rubuta sau ɗaya kawai, ka ce wasa ne. Kai za su yarda da kai."

"Mutumina, shekara biyu ba wanda ya karya dokar nan. Mutum dubu goma sha ɗaya sun riƙe baki, sai ni da na kafa ta? Saboda surukinka? Ka ce masa 'yan daba sun ƙwace kwafin. Labarin ma ya riga ya tanadar maka mafita, me kake nema kuma?"

"Tsoho ne fa, Dogo."

"Tsohon yana jin daɗi. Ka taɓa ganin ya yi ƙorafi?"

Na fita ban yi masa sallama ba.

Ranar Alhamis, saura kwana biyu, na yi abin matsorata. Tunda ba zan iya kallon idonsa in faɗa ba, na ce bari in rubuta a zaure ya karanta da kansa. Na rubuta: "Jama'a, ni ne wanda kuke kira Sanyi. Babu fim mai suna Baƙar Lema. Ciwon haƙori nake yi a hoton nan. Ban taɓa tsayawa gaban kyamara ba. Don Allah a daina."

Cikin minti goma amsa ta haura ɗari uku. "Innalillahi, an saye Sanyi!" "Ciwon haƙori! Kai, mutanen nan sun iya tsara wa mutum abin faɗa." "Ku duba yadda ya rubuta don Allah a daina, da gani akwai mai tsaye a kansa." Sai ga na Dogo: "Doka doka ce. Allah ya jiƙan maza." Ya cire ni daga zauren.

Ban gama kallon wayar ba saƙon Baba ya shigo, ni kaɗai:

"Ɗana, na ga abin da ka rubuta, kuma na fahimta. Kar ka ji tsoron kowa. Gidana babu mai shigowa sai wanda na sani. Asabar tana nan."

Na shiga bayan injin buga takarda na zauna a kan kwali. Maigidana ya leƙo ya ce ko haƙorin ne ya dawo.

Ranar Juma'a da rana na sami Auta a shagonsu. Tana sanye da farar rigar aiki, idonta ya faɗa, tana goge gilashi ɗaya tun da na shigo.

"Baba ya aro ƙaramar majigi wurin maƙwabcinmu, mai cin filash," ta ce. "Ya sa na wanke farin zanin gado na goge. Sanyi, tun da aka rufe silimar ban taɓa jin Baba yana waƙa a banɗaki ba sai satin nan."

"To ya za mu yi?"

Ta buɗe aljihun tebur ta miƙo mini sabon filash. "Babu komai a ciki. In ya saka, ka ce ya goge. Zai ji haushi kwana biyu ya manta. In maganarmu ta tsaya, ni da kaina zan zaunar da shi in faɗa masa."

"In kuma ya ce in kawo wani?"

"Shi kaɗai ne a bayanmu a gidan nan. Ka gane? Shi kaɗai."

Na karɓa na sa a aljihun riga. Bai kai ɗan yatsa ba, amma har ƙeyata nake jin nauyinsa.

Ranar Asabar ƙarfe huɗu Baba ya ce. Na isa ƙarfe uku, da niyyar in same shi shi kaɗai, ko me zai faru ya faru tsakaninmu. Tun daga ƙofa na ga takalma. Manyan takalman tsofaffi, ƙafa huɗu, da sanda jingine.

An janye kujerun falo an jera su layi biyu. An rufe tagogi da barguna. Farin zanin yana bango, an kafe shi da ƙusa huɗu, babu ko lanƙwasa. Dattijai huɗu suna zaune da kofin shayi: wanda yake sayar da tikiti a da, mai tsaron ƙofa, mai gyaran wuta, da wani mai sanda da aka ce mota biyu ya hau kafin ya iso. Baba ya sa wata tsohuwar kwat mai ruwan toka da ta yi masa yawa a kafaɗa. Auta tana tsaye a bakin labulen ciki, Mama a bayanta ta harɗe hannu.

"Ga shi nan!" in ji Baba. "Ɗan wasa da zuwa kafin lokaci, kun taɓa gani?"

Mai tikiti ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Ni fa kamar na taɓa ganin fim ɗin nan. Ba shi ne wanda jirgin ruwa ya kama da wuta ba?"

"Kai rufe mana baki," in ji mai tsaron ƙofa. "Shekara ashirin kana cikin keji kana yaga tikiti, fim nawa ka taɓa gani har ƙarshe?"

Suka yi dariya. Baba ya tsaya gaban zanin ya gyara kwat.

"Shekara goma sha ɗaya rabon da mu biyar mu zauna a ɗaki ɗaya cikin duhu. Wannan yaron ne ya tara mu. Mutane suna tambayar takarda, ni aiki nake tambaya." Ya ɗan kalli wajen Mama. "Kuma in Allah ya yarda, ɗan gida ne."

Ya miƙo hannu. Na ba shi filash ɗin. Ya saka, ya kashe fitila da kansa. Haske ya faɗa kan zanin, shuɗi fayau, da 'yan haruffa a tsakiya suna cewa babu komai. Ya cire, ya hura, ya mayar. Shuɗi. Ya sake.

Mai tsaron ƙofa ya buga cinya. "Sun goge! Na rantse sun bi yaron nan sun goge. Ai an ce ba sa barin ko ɗaya."

"Ikon Allah," in ji mai sanda. "Mutanen nan ba sa tsoron Allah."

Ko buɗe baki ban yi ba, sun yi mini ƙaryar da kansu. Abin da ya rage in gyaɗa kai kawai. Na hango Auta a bakin labule tana roƙona da ido. Sai Baba ya juyo, shuɗin hasken yana kan tabaransa, ya ce a hankali, "Kar ka damu, ɗana. Ba laifinka ba ne. Ni zan nemo shi, ko zan kai shekara ina nema. Ina da mutane."

Zai nema ɗin kuwa. Na san zai nema.

"Baba, ba a goge komai ba. Dama babu komai a ciki."

"Me ka ce?"

"Babu fim ɗin, Baba. Ba a taɓa yin sa ba. Wasa ne muka ƙirƙira ni da abokina. Ba wanda ya ja mini kunne, ba wanda ya saye ni. Ni fosta nake bugawa. Ranar da ka tambaye ni, ƙarya na yi maka."

Mai tikiti ya sunkuyar da kai yana kallon cikin kofinsa. Baba ya je ya kunna fitila, ya kashe majigin, ya naɗe wayarta a hannu sannu a hankali. Ya je bango ya fara zare ƙusoshin da yatsa.

"Zo ka kama mini."

Na kama gefe ɗaya na zanin, ya kama ɗaya. Muka ninka, ya tako ya haɗa hannunsa da nawa, fuskarsa dab da tawa. Muryarsa ba ta wuce mu biyu ba.

"Ku nawa ne a zauren?"

"Dubu goma sha ɗaya da wani abu."

Ya ja baya, muka sake ninkawa, ya sake takowa.

"Duk sun sani?"

"Duk, Baba."

"Lokacin da nake gaishe su da safe."

Zanin ya zama ƙarami a hannunmu, babu sauran inda za a ja baya.

"Ita fa?"

Na buɗe baki. Wallahi wata ƙaryar ce ta taho, zan ce ba ta sani ba. Kafin ta fito Auta ta saki labulen.

"Rabin labarin ni na rubuta shi, Baba. Filash ɗin ma ni na ba shi."

Bai kalle ta ba. Ya karɓi zanin daga hannuna ya ɗora a kan kabad, ya juya wajen abokansa.

"Ku yi haƙuri, na taso ku a banza. Ku sha shayinku kafin ya huce." Sannan ya ce da ni, ba faɗa ba tsawa, "Samari, ka gaida gida."

Na tsallake takalman tsofaffin na nemi nawa. Ba wanda ya raka ni.

Da na isa gida Umma ta ga fuskata ta ce, "Ka bari?" Na ce, "Ban bari ba, Umma. Korata aka yi." Ta ce in je in cire rigar kar ta yi datti.

Yau kwana tara. Wani ɗan zaure ya turo mini hoton saƙon ƙarshe da Baba ya rubuta kafin ya fita daga zauren: "Na gode da kuka ba ni lokacinku. Ku gafarce ni, ban san wasa kuke yi ba." A ƙasa mutum ɗari bakwai sun sa alamar dariya, wani ya rubuta, "Har Baba Majigi sun saye."

Ga abin da na rasa, ba ƙari ba ragi. Zaure mai mutum dubu goma sha ɗaya. Aboki ɗaya, na shekara goma sha huɗu, shagonsa yana kallon namu, ba ma gaisawa. Dattijo ɗaya da ya ce mini ɗan gida a gaban mutane. Saƙo ashirin da shida da na tura wa Auta, ba a buɗe ko ɗaya ba. Jiya na bi ta shagon tabarau, wata na tarar a kujerarta, ta ce Auta ta ɗauki hutu, ba ta faɗi ranar dawowa ba.